Yadda Ake Saita Taimin Idan Silo Ya Ƙi Sauka

A motoci masu dilko, irin su Fijo 504 da tsofaffin Golf da Toyota, ba a karanta taimin sai inji yana silo na ƙa'ida, wato juyi 700 zuwa 900 a minti ga yawancinsu. A cikin dilkon motar kafireta akwai 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa idan juyi ya ƙaru, su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri. Da juyi ya kai wajen 1,000 sun fara aiki, abin da fitilar taimin za ta nuna maka kuma ba na gaskiya ba ne. Saboda haka kada ka taɓa notin dilko tukuna.

Fara da ɗumama injin sosai, ka kashe AC da fitilu. Inji mai sanyi dama silonsa sama yake. A nan ne ɗabi'ar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu, take cutarwa: injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, cok na atomatik ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, a mota mai kwamfuta kuwa, kwamfutar ta ci gaba da ƙara masa mai. In an cire, a mayar.

Daga nan ka duba wayar totur. Ya kamata ta ɗan yi sako-sako. Danna hannun totur da yatsa zuwa mazauninsa. In ƙarar inji ta ragu, to waya ce ta ɗaure ko datti ya hana faifan totur rufewa.

Sai neman inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma a nan aka fi samun matsalar. Zafi da ƙura suna busar da ƙananan tiyo har su tsage, sau da yawa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka matse kowanne da filaya kana saurare. Wanda ka matse silo ya faɗi, ta hanyarsa iskar ke shiga. Kar ka manta da babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki, da gasket ɗin gindin kafireta. Wasu kan fesa fetur a wurin don su ji ko ƙara za ta canja. Ban yarda da wannan ba, domin tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya tada gobara.

In silo ya daidaita, cire tiyon da ke jikin dilko, ka toshe bakinsa. A Toyota mai injekta, kamar injin 4A-FE, sai ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya a akwatin gwaji, ka nemi digiri 10. Kowace mota da nata adadin, galibi yana kan takardar da ke manne a cikin bonet. Goge alamar da ke kan fulin karanshaf, ka shafa mata alli, ka maƙala fitilar a wayar fulogi na ɗaya, sannan ka sassauta noti ka juya dilko kaɗan-kaɗan. Yi hattara da fanka da hannun riga.

Taimin da ya yi gaba da yawa shi ma yana ɗaga silo, don haka za ka iya ganin juyi ya sauka kana gyarawa. Amma kada ka ja shi baya fiye da ƙa'ida don kawai ƙara ta kwanta. Motar za ta rasa ƙarfi, ta sha mai, ta riƙa zafi.

Ɗaure notin, ka sake haska fitila, domin dilko kan gusa wajen ɗauri. Cire wayar gwaji, ka mayar da tiyo, ka daidaita sukurun silo. Sannan ka hau titi ka taka totur a hawa. In ka ji inji yana ƙwanƙwasa, ja taimin baya da digiri ɗaya ko biyu.