Mai Waldar Ƙofa Ba Maƙerin Jirgi Ba Ne

Sana'ata gyaran jiragen ruwa na faiba da na ƙarfe. Yawancin aikina na masu yashi ne da masunta, amma jefi-jefi wani mai hali yakan kawo jirgin shaƙatawa. Irin wannan ne ya ɓata min rai har na zauna rubutu.

Wani Alhaji a Unguwar Rimi ya sayo jirgi mai filafili a Legas, na hannu, ƙirar Faransa, tsawonsa wajen mita 7. Aka jawo shi a tirela har gida, aka kira ni. Jirgi ne mai kil, wato ƙarfe mai nauyi da ke rataye a ƙarƙashinsa, mai hawa da sauka. Idan an naɗe shi sama, ruwan da bai wuce gwiwa ba ya ishi jirgin. Idan an sake shi, sai ya nitse wajen mita ɗaya da rabi. Na ce masa ya yi dabara, domin duk wanda ya tsaya a Ƙofar Gamji da rani ya ga duwatsu da tsibiran yashi a Kogin Kaduna ya san jirgi mai kafaffen kil ba shi da wurin zama a ruwanmu.

Da na shiga ƙarƙashi sai na tarar da abu uku. Akwatin kil ya tsage ta gaba. Igiyar ƙarfen winci mai ɗaga kil ta fara warwarewa. Sakatar da ke kulle kil idan ya sauka babu ita gaba ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, igiyar nan sai marar tsatsa, daga Legas za a kawo. Akwatin kuma sai an kankare an sake shimfiɗa faiba." Na faɗi kuɗi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba jirgin sama na saya ba."

Shiru, shiru. Ashe an kira mai waldar da ya yi masa ƙofar gida. Bawan Allah ya juya winci, kil ya ƙi motsi, sai ya yanke hukunci cewa ƙarfen banza ne mai ƙara wa jirgi nauyi. Ya sa injin yanka ya raba shi da jirgin, aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ramin da ya rage ya rufe da falan ƙarfe da kusoshi da kwalta. Kwalta a jikin faiba! Har yana yi wa Alhaji albishir wai yanzu jirgi zai fi gudu.

Farkon damina suka kai shi wata madatsar ruwa a bayan gari, da yara a ciki. Da sanyin iska komai lafiya. Can hadari ya haɗu daga gabas, iskar da ke gabansa ta bugi filafili, jirgi ya kwanta bai sake tashi ba. Rigar ruwa biyu ce kacal a ciki, su ma suna ƙulle a leda. Masunta ne suka tsamo su. Ƙaramar 'yar Alhaji ta sha ruwa sosai, ta yi kwanaki a asibiti. Allah ne ya yi da sauran kwana.

Da aka sake kirana, tambayar Alhaji ita ce ko za a iya zuba siminti a gindin jirgin a madadin ƙarfen. Na ce a'a. A irin waɗannan jirage kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu yana cikin kil, kuma amfaninsa shi ne yana rataye can ƙasa da jirgin. Siminti a cikin gindi ba zai tayar da jirgin da iska ta kwantar ba.

Nauyi a ƙasa yake zama. Abin da ke ƙarƙashin ruwa ba a ba wanda bai san ruwa ba. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa kisa take yi.

Masu irin wannan jirgi, kada a ɗaga filafili kil yana sama. Idan ya sauka a sa sakata, don in jirgi ya kwanta ba sakata, kil zai zame ya koma akwatinsa, shi ke nan an kife. A duba igiyar winci kowace shekara. A wanke yashin da ke shiga akwati, shi ne ke sa kil ya cije, ba aljani ba. A sa sakata, na sake faɗa.

Kada masu kwale-kwale su ce wannan zancen masu kuɗi ne. Ina ganin yadda ake ɗaga benci sama don a cusa kaya, a ɗora babura a kan buhuna, a liƙa injin da ya fi ƙarfin katako. A watan Mayun 2021 jirgi ya nitse kusa da Warrah a Jihar Kebbi da mutane fiye da 100 a ciki. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka ambata a duka biyun. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, amma a mashigai nawa ake bi?

Rigar ruwa a jiki ake sa ta, ba a leda ba. Idan hadari ya haɗu a fito. Kuma don Allah, mai waldar ƙofa ya tsaya a ƙofa. Idan kuɗin gyara ya yi maka yawa, bar jirgin a kan tirela har ka samu.