Gyaran Ɗakin Karatun Jami'a: A Fara da Wuta

Da zarar kuɗin gyaran ɗakin karatu sun shigo hannu, ko daga TETFund ko daga wani mai taimako, kwamfutoci ake fara tunawa. A jera su reras, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan 'yan shekaru ka leƙa, da yawansu an lulluɓe su da leda, ɗalibai kuwa na tsugunne a baranda suna rububin soket ɗaya. Shawarata ga shugabannin laburare da kwamitocin gyara ita ce ku fara da wuta.

Ɗalibin yau da wayarsa yake zuwa, wani har da kwamfutar tafi-da-gidanka. Wurin zama yake nema, da caji, da intanet. Tsofaffin gine-ginenmu kuwa, irin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, an tsara su ne a zamanin da littafi da biro kaɗai ake shiga da su. Don haka kafin a sayi ko kujera ɗaya, a kira ƙwararren injiniyan lantarki ya duba wayoyin ginin, ya faɗi nauyin da za su iya ɗauka. A sa soket a kowane tebur, a bi da wayar ta ƙarƙashin daɓe ko ta cikin bututu. Jone-jonen waya a tsakar zaure ga tuntuɓe, ga haɗarin gobara, a wurin da ke cike da takarda.

Sai batun sola. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu babbar tashar sola a 2019, amma ba sai an jira irin wannan ba. A raba layi biyu. Fitilu, fanka, soket da na'urar intanet su hau kan sola da inbata, na'urar sanyaya ɗaki kuwa a ba ta nata layin daban, domin ita ke zuƙe batir nan da nan. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka galibi ba ta wuce wat 45 zuwa 65 ba, saboda haka ƙaramin tsari ma zai riƙe ɗalibai masu yawa. Batiran a ajiye su inda iska ke shiga, don zafi na rage musu kwana.

Mu a nan zafi da ƙura ne abokan gabar na'ura. A bazara ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, hunturu kuma ya zo da tasa ƙurar. Ina roƙo kada a toshe dogayen tagogin da magina na da suka bari. Na fi son a sa musu raga, a gyara marufi, a ƙara fanka. Ƙaramin ɗaki ɗaya kawai za a rufe ruf a sanyaya, na kwamfutocin tebur.

Su kwamfutocin a sayi kaɗan masu ƙwari, domin ɗalibin da ba shi da tasa, musamman mai rubuta kundin kammala digiri. A haɗa da firinta mai aiki.

A raba wuri bisa hayaniya. Kusa da ƙofa a sa manyan tebura da allo, inda za a yi muhawara ba mai harara. Can ciki ko saman bene a bar wa mai son shiru. Littattafan da ba a cika taɓawa ba a mai da su ɗakin ajiya cikin tsari, kada a zubar. Kuma kada a manta da banɗaki mai ruwa, na mata daban, da wurin alwala, da gangara ta mai keken guragu. Ɗalibar da sai ta koma hostal kafin ta kama ruwa ba lallai ta dawo ba.

Aikin a yi shi a dogon hutu, ko sashe-sashe, kada a rufe ginin gaba ɗaya ana dab da jarrabawa. Kafin a sallami ɗan kwangila, a karɓi taswirar wayoyin, a sa ya koya wa ma'aikata biyu ko uku kula da inbata, sannan jami'a ta rubuta kuɗin canjin batir da soket cikin kasafinta na shekara.