Dashen Lemon Tsami ta Hanyar Reshe a Fadamar Haɗeja: Aikin da Kalmominsa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake samar da sabuwar bishiyar lemon tsami daga yankakken reshe, da abin da hanyar ke nufi ga mai lambu a fadamar kogin Haɗeja, inda ruwan da ke raya lambu shi ne kuma yake cinye shi. An bi aikin daki-daki, an auna shi da shukar ƙwaya da kuma aure, sannan aka waiwayi kalmomin da Hausa take bayyana shi da su. Maƙalar ta tafi a kan cewa ribar dashen reshe ita ce lokaci, rauninsa kuma yana cikin saiwa, kuma kalmar "dashe" ita kaɗai ba ta wadatar wajen koyar da shi.

1.0 Gabatarwa

Lemon tsami, wanda masana tsirrai ke kira Citrus aurantiifolia, ba ɗan asalin ƙasar Hausa ba ne. Daga kudu maso gabashin Asiya ya fito, Larabawa suka yaɗa shi zuwa Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka. Sunansa ma shaida ne, domin "lemo" ko "lemu" aro ne daga "laimun" ta Larabci. Amma baƙuntarsa ta daɗe da ƙarewa. Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ambaci yalwar itatuwan dangin lemo a dazukan ƙasar Kano cikin littafinsa na ƙarni na 16. Ko da idonsa ya gani ko labari aka ba shi, ambaton ya nuna an san itacen a nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A yau kalmar ta yi rassa har ta kai ga abin da bai taɓa ganin bishiya ba, wato lemon kwalba.

Duk da wannan daɗewa, nazarin Hausa ya fi karkata ga amfanin lemon tsami a magani da abinci da kwalliya. Yadda ake haifar da bishiyar kanta bai samu irin wannan kulawa ba, alhali a nan ne sana'a da harshe suka fi cakuɗuwa.

2.0 Lambu a Bakin Kogi

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa, ya ratso ƙasar Ringim da Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun sauya ɗabi'arsa. Kogin da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara. Wannan ya buɗe ƙofar noman rani, amma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har ruwa ya riƙa kwanciya a inda ba a saba ganinsa ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna iyakar abin.

Ga mai shinkafa, ambaliya asarar shekara guda ce. Ga mai lemo asarar shekaru ce, domin saiwar dangin lemo ba ta jure kwanciyar ruwa. Idan ƙasa ta cika da ruwa na kwanaki, iska ta ƙare a cikinta, ƙananan saiwoyi su ruɓe, ganye ya yi ɗorawa ya zube bayan ruwan ya riga ya janye. Mutumin da ya rasa bishiyoyi goma, ya tsira da guda biyu a kan tudu, tambayarsa ɗaya ce: ta wace hanya zai mayar da lambunsa kafin bashi ya cinye shi? A nan ne dashen reshe yake shigowa.

3.0 Yadda Ake Aikin

Bahaushe ba baƙon dasa reshe ba ne. Da kara yake dasa rogo da rake, da reshe yake kafa shingen aguwa da dashi da bini-da-zugu, kuma da yawa daga ceɗiyoyin da ke ƙofar gidaje guntun reshe ne aka kafa ya kama. Sai dai wannan sabo yana iya zama tarko. Waɗancan itatuwa suna ɗauke da ruwa ko ƙaro mai yawa a jikinsu, suna iya zama makonni ba saiwa ba su bushe ba. Lemon tsami ba haka yake ba. Wanda ya kafa reshensa a fili kamar na aguwa, icen hura wuta kawai ya kafa.

Aikin yana farawa daga zaɓen uwa: bishiya mai lafiya wadda aka riga aka ga 'ya'yanta, ba ta zubar da ƙaro a gindi, ganyenta ba ya da dabbare-dabbare. Daga jikinta ake neman reshen bana wanda ya fara ƙwari, wato ya wuce laushin sabon toho amma bai zama tsohon icce mai furfurar ɓawo ba. Kaurinsa kamar na fensir, tsawonsa santimita 15 zuwa 20, kimanin taƙi guda, da gaɓa uku ko huɗu. Da sassafe ake yanka, lokacin da reshen yake cike da ruwa, da wuƙa mai kaifi da tsabta, a yanke dab da ƙasan gaɓa. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu a sama, su ma a rage rabinsu.

Barin ganyen nan biyu shi ne wurin da ya fi buƙatar bayani, domin mai koyo yakan tambaya me ya sa ba za a zage duka ba tunda ta ganye ruwa ke fita. Dalili shi ne ganye da idanun toho su ne ke samar da abinci da kuma sinadarin okzin, wanda yake gangarowa daga sama zuwa ƙasa ya taru a bakin yanka. Taruwarsa ce take sa siririn sashe mai rai da ke tsakanin ɓawo da ƙashin icce ya fara kumburi fari, daga bisani saiwa ta ɓullo. Saboda haka reshe marar ganye yakan rasa abin da zai tura saiwa, mai ganye da yawa kuma ya bushe kafin ta fito. Wannan gangarowa ta okzin ita ce kuma dalilin da ya sa reshen da aka kafa a juye, kansa a ƙasa, ba ya yin kirki. Akwai hodar da ake tsoma gindin reshe a ciki, mai ɗauke da sinadarin IBA da aka gano amfaninsa tun shekarun 1930. Tana ƙara yawan waɗanda za su kama, amma lemon tsami yana cikin dangin lemo masu sauƙin yin saiwa, ya fi lemon zaƙi nesa ba kusa ba, don haka rashinta ba ya hana aiki.

Abin da ake kafa reshen a ciki ya fi hodar muhimmanci. Yashin kogi wankakke ake so, ko yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, a cikin leda mai huji ko fasasshiyar tukunya. Lakar fadama, duk da albarkarta ga shinkafa, makasar reshe ce. Marubucin wannan maƙala ya koyi haka da asara a lambun kawunsa: rassan da ya kafa a baƙar laka sun yi kore shar har mako biyu, yana ta murna, da aka tumɓuke ɗaya sai ga gindin ya yi baƙi yana wari. Kawun bai ce komai ba, ya dai miƙo masa kwanon yashi.

Bayan an nutsar da kashi ɗaya cikin uku na reshen an danne, sai a shayar, a kifa masa farar leda ko yankakkiyar robar ruwa domin ta riƙe laima, a ajiye a inuwa mai haske, kamar ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana. Rana tsaka idan ta bugi ledar, dafa reshen za ta yi. Cikin mako shida zuwa takwas saiwa takan fito. Sabon toho a sama ba hujja ba ne, domin reshe yana iya tohuwa da guzurin da ya zo da shi. Hujja ita ce a ja shi a hankali a ji ya riƙe ƙasa. Daga nan a riƙa ɗaga ledar kaɗan-kaɗan har ya saba da iska.

Batun lokaci kuwa, shekarar Haɗeja ba ta bar zaɓi mai yawa ba. Saiwa ta fi son ɗumi na digiri 25 zuwa 30 da iska mai laima. Bazara takan haura digiri 40, hunturu kuma ga sanyin dare ga busasshiyar iska. Saura damina, daga Yuli zuwa Agusta. Amma reshen da aka yanka a Yuli zai yi saiwa ne daidai lokacin da kogi ke cika. Mafita ita ce a yi renon a gida ko a kan jigawa, a bar shi cikin leda ya ƙetare rani ana shayarwa, a kai shi mazauninsa a farkon damina mai zuwa, bisa tudun da aka tara masa.

4.0 Riba da Rauni

An saba cewa amfanin dashen reshe shi ne samun bishiya mai kama da uwarta sak. Gaskiya ne, amma a kan lemon tsami hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Ƙwayarsa takan fitar da tsiro biyu ko uku, kuma galibinsu daga jikin uwar suke, ba daga barbara ba, don haka ɗan ƙwaya ma yakan gaji uwarsa. Ribar gaskiya ita ce lokaci. Ɗan ƙwaya sai ya yi ƙuruciyarsa, ya yi ta ƙaya da ganye shekara uku zuwa biyar ko fiye kafin ya yi fure. Reshen da aka yanko daga bishiya mai haihuwa ya riga ya balaga, yakan fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Ga wanda ambaliya ta yi wa ƙarƙaf, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Raunin yana ƙarƙashin ƙasa. Ɗan reshe ba ya da uwar saiwa mai nutsewa, sai ƙanana masu bazuwa a sama-sama. Iskar farkon damina tana iya kayar da shi, kuma ya fi saurin jin ƙishirwa idan injin ban ruwa ya tsaya. Sannan gindinsa nasa ne, ba na aro ba, lemon tsami kuwa yana da rauni ga cutar ruɓewar gindi da ƙwayar Phytophthora ke haddasawa a ƙasa mai danshi, wadda alamarta ƙaro ne yana tsattsafowa daga ɓawo. Abin da aure ya fi shi da shi ke nan: ana ɗora idon lemon a kan gindin da ya fi juriya, a tsayin da ruwa ba ya taɓawa. Wannan ita ce hanyar da cibiyoyin bincike irin su NIHORT, mai reshe a Bagauda, suka fi bi wajen samar da dashen dangin lemo.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Cutar tiristeza, wadda darɓa ke yaɗawa, ba ta bin ƙwaya amma tana bin reshe. Lemon tsami yana da saurin kamuwa da ita har masana suna amfani da shi wajen gwada ko wata bishiya tana ɗauke da cutar, kuma ita ce ta yi wa gonakin lemon tsami na kudancin Gana mummunar ɓarna a shekarun 1940. Mai rabon rassa daga bishiya guda ga maƙwabta yana iya raba musu ciwo guda. A ra'ayin wannan maƙala, dashen reshe hanya ce ta farfaɗo da lambu da sauri a kan tudu da jigawa, amma bai kamata a cika ƙasan fadama da shi kaɗai ba.

5.0 Kalmomin Aikin

Kalmomin wannan sana'a sun ɗauki itace tamkar mutum. Bishiya tana da uwa da 'ya'ya, tana da ido da gaɓa da jijiya, ana renonta, ana yi mata aure, idan dashe ya yi nasara a ce ya kama. "Aure" ta zauna daram, har yaro ya san mangwaron aure. Matsalar tana wajen "dashe". Kalma ɗaya ce take ɗauke da cire tsiro mai saiwa daga wuri zuwa wuri, kamar dashen tumatir da albasa da shinkafa, da kuma kafa reshe marar saiwa, kamar dashen rogo. A gona mahallin magana yana warware ma'ana. A rediyo ko a takardar malamin gona ba haka ba ne. Idan aka ce "a yi dashen lemo a watan Yuli", mai sauraro ɗaya zai kai ɗan leda gona, wani zai ɗauko wuƙa, kuma kulawar da ayyukan biyu ke buƙata ta sha bamban.

Ayyukan tattara kalmomi da ake da su, tun daga jerin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916 da ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ba domin koyar da aikin lambu aka yi su ba, don haka ba laifinsu ba ne idan mai fassara bai sami rabe-raben da yake nema a shirye ba. Shawarar wannan maƙala ita ce a tsayar da huɗu a rubutun koyarwa: "shukar ƙwaya", "dashen tsiro" ga mai saiwa, "dashen reshe" ga yankakke, da "aure". Akwai hanya ta biyar da ta dace da lemon tsami ƙwarai, inda ake feƙe ɓawon reshe yana jikin uwarsa, a naɗe wurin da danshin taki cikin leda har ya yi saiwa, sannan a yanke. Ita ta fi sauƙi a yankin da laima ke da wuya, tunda uwar ce ke shayar da reshen. An ba da shawarar kiranta "ɗaurin reshe", amma kafin a shigar da ita littafi ya kamata a fara zama da masu lambun Auyo da Kirikasamma da Guri a ji abin da su suke ce mata.