Yadda Za Mu Taimaki Juna Wajen Bitar Tambayoyin Kemistiri

Gabatarwa

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, za ka ga ɗaliban kimiyya sun yi rukuni-rukuni a gindin bishiyoyi da cikin azuzuwa, kowa riƙe da tsoffin tambayoyi. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai sau da yawa mutum ɗaya ne ke warware tambaya, saura suna kwafa. Ranar jarrabawa kuwa, da an sauya lamba ɗaya, sai mai kwafa ya rasa ta inda zai kama. Wannan maƙala za ta nuna hanyar da ta fi, ga 'yan aji ɗaya na jami'a da ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO da JAMB.

Matakan Bita

Na farko, kada rukuni ya wuce mutum huɗu ko biyar. Na biyu, kowa ya fara gwada tambayar shi kaɗai, a cikin ƙayyadadden lokaci, kafin a buɗe baki. Na uku, wanda ya kasa shi zai fara nuna aikinsa, don a gano daidai inda ya kauce. Na huɗu, wanda ya gane ya bayyana dalilin kowane mataki da Hausa. Duk wanda ya kasa yi wa abokinsa bayani da harshen gida, to hadda ya yi, bai gane ba tukuna.

Misali

An narkar da giram 20 na NaOH, wato sodar da ake haɗa sabulu da ita, a ruwa, har haɗin ya kai 250 cm³. Mene ne ƙarfin haɗin a ma'aunin mol/dm³?

Da farko a nemo nauyin mol ɗaya: Na 23, O 16, H 1, jimla giram 40. Sai a raba 20 da 40, a sami mol 0.5. Daga nan a mayar da 250 cm³ zuwa dm³ ta hanyar rabawa da 1000, a sami 0.25. A ƙarshe a raba 0.5 da 0.25. Amsa ita ce 2 mol/dm³.

A mataki na uku ne ake yawan faɗuwa. Wanda ya manta ya raba 0.5 da 250 kai-tsaye, zai sami 0.002. Idan abokinka ya kawo wannan amsa, kada ka ba shi taka. Ka tambaye shi: cm³ nawa ne a cikin dm³ ɗaya? Da kansa zai ga kuskurensa. Sannan ka sauya masa lambobin, ka ce giram 10 a cikin 500 cm³. Idan ya sami 0.5 mol/dm³, to ya kama hanya.

Kammalawa

'Yan uwa ɗalibai, kada kunya ta hana mu cewa ba mu gane ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai koyarwa kuma ya yi haƙuri da ɗan uwansa, don shi ma karatunsa yake ƙara zaunarwa. Taimakon na ɗakin bita ne kawai. A zauren jarrabawa kowa tasa ta fisshe shi. Allah Ya ba mu sa'a, amin.