Kafin a shimfiɗa katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

A Kanada da arewacin Amurka, yawancin gidaje na da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, domin dole a haƙa harsashi ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa da hunturu. Mu masu aikin daɓe, abin da ya fi kawo mu gyara a irin wannan ɗaki shi ne katakon da aka ɗora kai tsaye a kan kankare. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake tsotso danshin ƙasa yana fitar da shi sama dare da rana. Idan daɓen a buɗe yake, iska na kwashe danshin. Da zarar an rufe shi da falanki, sai rima ta taru a ƙarƙashi, bakin katakon ya kumbura, fumfuna ta yi baƙi a bayansa, ɗakin ya ɗauki wari.

Mai gida zai ce ai daɓensa a bushe yake. Ido ba shaida ba ne a nan. A manna leda mai faɗin inci 18 kowane gefe, a liƙe bakinta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In aka ga raɓa a cikinta ko kankaren ya yi duhu, akwai danshi. Ko ledar ta fito a bushe, na'urar da ake zurawa cikin kankare ta fi ta gaskiya, kuma masu ƙera kayan daɓe da dama ba sa yarda danshin ya haura kashi 75 cikin ɗari. Bayan gwaji sai a cike tsaga, a daidaita daɓen, a shimfiɗa roba mai ƙulle-ƙulle wadda ke barin iska ta ratsa ta ƙarƙashinta, sannan a ɗora falanki, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango saboda katako na motsi.

Wani kuma zai ce wannan ƙarin kuɗi ne, ga rage tsayin ɗaki. Abin da ake rasawa bai cika wuce inci ɗaya ba, kuma araha ba ta ado: kuɗin ɓamɓare ruɓaɓɓen daɓe ya fi na robar. Sai dai a sani, roba danshi take tarewa, ba ta hana yoyo. In ruwa na shigowa ta bango, a fara gyara indararo da gangaren ƙasar waje. Mai gida, kada ka bari kafinta ya kafa ƙusa ko ɗaya sai ya nuna maka sakamakon gwajin danshi.