Kuɗin Bincike da na Ƙaro Ilmi: Inda Suke Fitowa da Yadda Ake Nemansu

Sau da yawa akan ji malamin jami'a yana kukan cewa yana da abin da yake so ya bincika, amma babu kuɗi. Kukan nan yana da gaskiyarsa, domin kuwa bincike yana cin kuɗi: akwai kayan ɗakin gwaji, da tafiye-tafiye, da ladan mataimaka. Amma kuma hukumar da ke riƙe da babban asusun wannan aiki ta sha yin nata kukan, cewa kuɗin da ta keɓe wa wasu makarantu sukan kwana ba a zo an karɓa ba.

Wannan asusu shi ne Asusun Tallafa wa Ilmi Mai Zurfi, wanda aka fi sani da TETFund. Asalinsa Dokar Soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i a 1992. Dokar ta ɗora wa kamfanonin da ke da rajista a Nijeriya harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilmi. Da farko har firamare da sakandare suna cin moriyar kuɗin, sai suka zama kamar an ɗiga ruwa a rairayi. Don haka a 2011 aka yi sabuwar doka wadda ta taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi. An ƙara harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da wasu cikin haraji guda na raya ƙasa. Dokar 2011 ta ce a kasa kuɗin huɗu: biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin horon malamai. Makarantu masu zaman kansu ba sa ciki.

Ƙofofin bincike a asusun nan biyu ne. Ƙaramar ita ce ta binciken cikin gida, watau kuɗin da ake ba kowace makaranta domin malamanta, kuma kwamitin bincike na makarantar ne ke tace masu nema kafin ya miƙa sunayensu. A nan ya kamata sabon malami ya fara gwada hannunsa. Babbar kuwa ita ce Asusun Bincike na Ƙasa, inda malaman ƙasar duka ke yin takara a fannoni uku: kimiyya da aikin injiniya da fasaha, adabi da ilmin zaman jama'a, sai binciken da ya ratsa fanni fiye da ɗaya. Mai nema yakan fara aika taƙaitaccen bayani. In ya tsallake, a nemi cikakken tsari da lissafin kuɗi, daga nan shugaban ayarin masu binciken ya bayyana gaban kwamitin masana ya kare abin da ya rubuta.

A matakin farkon nan ne akasari ake faɗuwa, kuma ba don ƙarancin ilmi ba. Alal misali, malamin aikin gona da ya rubuta cewa zai binciki matsalolin noma a Nijeriya bai faɗi kome ba. Wanda ya ce zai gwada irin dawa kaza a gonakin da wuta-wuta ta addaba, a damina biyu, ya kuma nuna abin da kowace tafiya za ta ci, shi ne ya ba kwamiti abin aunawa. Kwamiti ba ya ba da kuɗi don girman matsala. Yana ba da su ne don aikin da ya ga zai ƙare.

Wajibi ne a lura cewa ba a biyan kuɗin gaba ɗaya. Kashi-kashi ake sakinsu, kuma ba a sakin na gaba sai an kawo rahoto da rasit na wanda ya gabata. Malami ɗaya da ya yi sakaci da lissafinsa yana iya tsai da rabon abokan aikinsa. An ga irin haka a shirin tura malamai ƙaro ilmi. Sharaɗinsa shi ne wanda aka ɗauki nauyinsa ya dawo ya yi wa makarantarsa aiki na wasu shekaru. Da waɗanda suka ƙi dawowa suka yi yawa, ga kuma faɗuwar darajar naira, sai hukumar ta dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga farkon 2025, ta mai da hankali ga karatu a jami'o'in gida.

Ɗalibai kuwa ƙofofinsu dabam ne. Hukumar Ba da Sukolashif ta Tarayya, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, ita ke ba da taimakon karatu a cikin gida, ta hannunta kuma ake neman guraben ƙasashen Kwamanwel, shirin da aka ƙulla a taron Oxford na 1959. Asusun Raya Fasahar Man Fetur, wanda aka kafa a 1973, yana ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi mai da iskar gas. Waɗannan duka ta gasa ake samu, kuma duk wanda aka ce ya biya wani abu don a sa sunansa, to ya san ɗan damfara ya haɗu da shi.

Akwai wanda ake yawan ruɗewa a kansa, watau Asusun Lamunin Karatu, NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa. Wannan rance ne, ba kyauta ba, ko da yake babu ruwa a kansa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kuɗin guzuri kuma ya shiga asusun ajiyar ɗalibi wata-wata. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashin mutum har bashin ya ƙare.