Kaset na nan, bayanai sun ƙi dawowa

Ranar da sabar ta faɗi, aka ɗauko kaset ɗin ajiya daga ma'ajiya, manhaja kuma ta ce ba ta ga komai ba, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne kaset ya lalace. Ni a ganina kaset ne ya kamata a tuhuma a ƙarshe. Galibi abin da aka rubuta masa yana nan daram. Matsalar ita ce lokacin da ake kwashe ajiya daga faifai zuwa kaset an bar wasu abubuwa a baya, kuma ba a maido da komai sai da su.

Ɗauki Windows Server Backup. Tun daga Windows Server 2008 ba ya rubutu kai tsaye a kan kaset, saɓanin NTBackup da ya gada. Sai masu kula da sabar suka koma kwafe jakar WindowsImageBackup zuwa kaset da wata manhajar. To amma jakar nan ajiyar ƙarshe kaɗai take riƙe da ita. Tsofaffin suna ɓoye a kwafin inuwa na VSS a jikin faifan, kuma kwafe jaka ba ya tafiya da su. Wanda ke neman fayil na makon jiya zai yi ta lalube a kaset ɗin da bai taɓa ɗaukarsa ba. Ko ajiyar ƙarshen ma, dole a fara sauke jakar a kan wani faifai, a tushensa, da sunanta da tsarinta yadda suke, sannan a tambayi wbadmin da umarnin get versions ko ya gan ta. In an cusa ta cikin wata jakar, kallon banza zai yi mata.

Haka abin yake ga manyan manhajoji. Rajistar da ke faɗin wane fayil ke kan wane kaset tana zaune ne a kan sabar ajiya. In sabar ta tafi da ita, sai an sake gina rajistar daga kaset ɗin, kamar yadda bscan ke yi a Bacula, aikin da kan cinye awoyi. Ga kuma sarƙa: ajiyar ƙari ta ranar Alhamis ba ta da amfani in cikakkiyar ta ranar Lahadi ta goge daga faifai kafin ta hau kaset. Wanda ya fi ban tsoro shi ne makulli. Tun tsarar LTO-4 na'urorin kaset ke iya kulle bayanai da AES-256, kuma in makullin ya ɓace tare da sabar, babu gwanin da zai buɗe.

Sai an gama da waɗannan a waiwayi na'ura. Har zuwa LTO-7 na'ura na karanta kaset na tsara biyu baya, amma LTO-8 tsara ɗaya kawai take karantawa, don haka kaset ɗin LTO-6 ba zai karantu a cikinta ba. A duba girman ɓangarorin da aka yi rubutu da su, a saka kaset ɗin wanke kai, a gwada wata na'urar. Inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wanke kan nan ba abin rainawa ba ne.

Wani zai ce ai manhaja ta tantance kaset bayan rubutu, ta nuna alamar kore. Gaskiya ne, sai dai tantancewar tana tabbatar da cewa abin da aka aika shi aka rubuta. Ba ta tambayar ko abin da aka aika ya isa ya tayar da sabar. Wani kuma zai ce gwajin maidowa na cin lokaci da wurin ajiya. Yana ci, ban musa ba. Amma ba sai an maido da komai ba: ko da sau ɗaya a wata uku, a zaɓi kaset ɗaya, a maido da shi a kan wata kwamfuta da ba ta da rajistar kuma ba ta ganin faifan asali, a buɗe fayilolin a gani da ido. Kwafin rajista ya hau kaset tare da kowace cikakkiyar ajiya, makulli kuma a adana shi a wani wuri dabam, hannun mutum biyu aƙalla.